Ma'aunin Zafi a Bangon Madafa

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu, wajen ƙarshen shekarun saba'in, muna haya a Dutse Uku, ciki da falo. Bakwaini ce, kuma ta zo ana tsakiyar sanyi. Wanda ya zauna a Jos ya san sanyin da nake nufi, wanda man gyaɗa ke daskarewa a kwalba. Da za a sallame mu daga asibiti, nas ta ja mana kunne cewa kada a kuskura a bar yarinyar nan ta yi sanyi.

Ni da gwaggon maigidana, wadda ta zo yi mini wankan jego, mun san abin yi. Mukan hura gawayi a kasko a tsakar gida, sai ya yi jajir hayaƙi ya ɗauke, mu shigo da shi ya ɗumama ɗaki, mu fitar kafin a kwanta.

Maigidana akawu ne a wani ofishin binciken lafiyar dabbobi a Vom, kusa da Jos, inda yake ganin ana auna komai. Ran nan ya dawo da ma'aunin zafi, wani ɗan katako mai siririn gilashi da jan ruwa a ciki, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ya ce daga yau an daina aikin kirdado a gidan nan. Ya sa biro ya yi alama a inda ya ce ya kamata jan ya tsaya, ya cire kalanda daga ƙusa ɗaya tilo da ke bangon ɗakin, can sama, ya rataye abinsa.

To, bayan bangon nan madafa ce. A jikinsa gwaggo ke girka tukunyar ruwan wankana safe da yamma, da itace mai yawa. Bangon ba ya hucewa. Kyanwar gidan ma ta sani, don a gindinsa take kwana. Maigidana ne kawai bai sani ba, tunda rabonsa da leƙa madafa tun yana yaro.

Ai kuwa jan ya haura har ya wuce alamar. Nan take maigidan ya yanke hukunci: ɗaki ya yi zafi har ya yi yawa, kasko ya daina shigowa, hayaƙi kawai muke shaƙa wa jaririya. Maganar hayaƙi yana da gaskiyarsa, ban musa ba. Amma gadonmu yana ɗaya gefen ne, ƙarƙashin tagar da ba ta rufuwa sosai. Na faɗa masa, gwaggo ta faɗa masa. Sai ya ce da ita wai jikin mutum yana ƙarya, gilashi ba ya yi. Tsohuwar da ta yi masa wanka yana tsumma! Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Yarinya ta fara rage kama nono. Kukanta ya zama siriri. Ina cusa ta cikin zanina dare da rana, amma da na ajiye ta in yi wanka, sai in dawo in tarar da ƙafarta sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ni sosai.

Wata safiya da maigidan ya tafi masallaci, na hau kujera na sauko da ma'aunin. Na ɗaure shi a ƙarfen gado daidai inda yarinyar take kwance, na bar shi ya zauna yayin da nake shan kunun kanwa. Kafin in gama, jan ya zube can ƙasa da alamarsa.

Da ya shigo na ce, "Malam, ga ma'auninka, ga inda 'yarka ke kwana."

Ya kwance shi, ya kaɗa, ya damƙe gindin gilashin a tafin hannunsa yana dubawa. Ɗumin hannu ya sa jan ya soma hawa.

"Kin gani? Taɓa shi da kika yi ne ya rikice."

Ya mayar da shi kan ƙusa, ya sa hula, ya tafi aiki.

Ban ƙara neman izinin kowa ba. Ni da gwaggo muka ja gadon nan, ga ɗanyen jiki, har jikin bangon madafa. Muka toshe taga da tsumma, kasko ya koma bakin aikinsa. Kafin la'asar yarinya ta kama nono da ƙarfi. Da ya dawo ya ga gado ya sauya wuri, ya ɗaga kai ya dubi gilashinsa, ya ce ai dama ya faɗa mana ɗakin da ɗumi. Gwaggo ta danne mini hannu don kada in tanka.

Yarinyar ta rayu, tana nan da nata iyalin. Shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, na kuma yafe masa abubuwa da dama. Wannan ɗaya ce ta ƙi barina. A waccan safiyar ƙafar 'yarsa tana waje da zane, dab da hannunsa lokacin da yake kwance ma'aunin, amma bai taɓa ta ya ji ba.