Birkin Tirelar Lawban

Kafin in fara sayo jakunkuna daga Guangzhou, kanikanci nake yi a Ƙofar Ruwa, kuma birki ne sana'ata. Ban taɓa faɗa wa kowa a Shiling ba, garin masana'antun jakunkuna da ke gefen Guangzhou. Tafintana ne ya yi suɓul da baka a gaban mai masana'antar da nake saye a wurinsa, wanda muke kira lawban, wato maigida. Tafintan nan ɗan Kano ne kamar ni, sa'ana ne, ya daɗe a ƙasar har ya iya yarensu.

Lawban ya ja mu bayan masana'anta, ya nuna mana ƙaramin jirgin ruwan da yake zuwa kamun kifi da shi, a kan tirelarsa mai taya biyu. Birkin diram ne a jikinta. Kullum sai an tura ta cikin ruwa a sauke jirgi, ruwa ya kwanta a diram, tsatsa ta cinye komai. Ya sayo faifan birki da kalifa, wato abin da ke matse faifan, sababbi a kwali, ya rasa wanda ya yarda da hannunsa. Na ce zan yi masa ranar Lahadi, don mutumin bai taɓa ha'intata a kaya ba.

Na ɗaga tirelar da jak, na cire tayoyi, na ɓalle tsofaffin diram da guduma saboda sun manne. Na ɗaura faifai, na zaunar da kalifa, na ja sabon tiyo, na zuba man birki, na fitar da iska. Da na zo kan mastar da ke wuyan tirelar, wadda ke tura mai idan mota ta tsaya, sai na ga tsohuwar ce. Mastar birkin diram tana da ɗan bawul da ke riƙe ƙarfin mai ko an saki birki. Diram ba ya damuwa da hakan, amma faifai zai yi ta goga har ya ɗauki zafi.

Na ce da tafinta, "Malam, faɗa masa kada ya hau titi sai an canja wannan."

Suka yi magana, lawban ya yi dariya, ya ɗaga mini babban yatsa.

"Ya ce ya ji, Alhaji. Mu tafi, zafi ya yi yawa."

Bayan kwana huɗu lawban ya aiko a kira mu. Na tarar da tirelar a tsakar fili, faifan sun yi shuɗi don ƙuna, taya ɗaya ta narke a gefe. Ashe da iyalinsa ya fita, hayaƙi ya turnuƙe su a kan babbar hanya. A gaban ma'aikatansa ya dinga ɗaga mini murya yana nuna ni da yatsa. Mata masu ɗinki suka bar kekuna suka leƙo. Ni da furfura a gemu, ana yi mini tsawa kamar wanda aka kama da kayan sata.

Na ce, "Tuna masa abin da na faɗa ranar Lahadi."

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Alhaji, ka ba shi haƙuri kawai, a wuce wurin."

Nan jikina ya ba ni. Na zaro wayata, na tambaya da ɗan Turancina ko an faɗa masa maganar mastar, ta juya zuwa yarensu, na miƙa wa lawban. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Meyo." Babu. Ba wanda ya faɗa masa. Abin da aka gaya masa shi ne aiki ya kammala.

Na juya kan tafinta. "Me ya sa?"

"Na ga idan na faɗa, sai mun tafi neman wata mastar, kuma ina da baƙi suna jirana a kasuwar Liuhua. Na ɗauka ƙaramin abu ne."

"Birki ne ƙaramin abu? Da 'ya'yansa a motar! Kuma ka tsaya kana kallo ana ci mini mutunci, ka ce in ba da haƙuri?"

Ban zage shi ba, amma na kusa.

Ni da lawban muka je muka nemo mastar da ta dace, muna magana da waya da hannu. Na sake aikin daga farko, na sa ya ja tirelar sau biyar a gabana ina taɓa faifan da tafin hannu. Ya zuba mini shayi da kansa, ya riƙe kofin da hannu biyu.

Tafinta ya aiko dattawa biyu daga cikin 'yan kasuwarmu. Na karɓe su da girma, na ce na yafe don Allah. Muna gaisawa a masallaci ranar Juma'a, amma ban ƙara yarda ya tsaya tsakanina da kowa ba.