Ƙullutun Akawu

A unguwar nan babu mai kiranta da sunanta, Inna Mai Tururi ake ce mata, don duk lokacin da ka leƙa kicin ɗinta za ka tarar buta na huci a kan risho. Ba shayi take dafawa ba. Tsofaffin malafun ulu take gyarawa, irin waɗanda 'yan gwanjo ke bari a ƙasan dila don ba mai tayawa.

Da can ɗinki take yi, har idonta ya fara gardama da kafar allura. Wata rana ta ajiye wata yamutsattsiyar malafa kusa da buta, ta juyo ta tarar ta yi laushi tuɓus. Ta ja nan, ta lanƙwasa can, da ta huce sai ta tsaya yadda aka bar ta. Tun daga ranar ta lulluɓe keken ɗinki. Takan kakkaɓe ƙura da buroshi, ta farke tsohon ƙyallen da ya zagaye malafar, ta kara ta a bakin buta, sannan ta rage mata baki da almakashi ko ta murɗe shi sama. Malafar kakanka takan shiga gidanta a sunkuye, ta fito tana yanga.

Matsalar ita ce, malafa mai zafi sai an kifa ta a kan abu mai siffar kai har ta huce. Manyan masu sana'ar suna da kan katako. Inna ba ta da shi, amma tana da miji.

Akawu ake ce masa, ya yi ritaya da sanƙo mai sheƙi da girman kai daidai da sanƙon. Da ƙyar ya yarda, kuma bisa sharaɗi.

"Ranar da maganar nan ta fita, ranar kika rasa kaina."

Kullum da hantsi sai ta sa sakata, ta shimfiɗa masa tawul a ka, ta kifa malafa ta danne da hannu biyu. Shi kuwa ya buɗe jarida yana karanta mata labarin duniya da babbar murya, kamar ba shi ne zaune a kujerar tsuguno da malafar mata mai fure ba. Da yamma ya fita hira ƙofar shagon mai aski yana ce wa abokai shi ba ruwansa da wasan yaran da iyali ke yi.

Sai dai kan nan yana da ƙullutu a bayan kunnen hagu, tun wata faɗuwa da ya yi daga keke yana saurayi. A waje hula ke rufe shi, amma tawul bai iya ba, duk malafa da shi take fitowa. Inna ta danne ta danne ta gaji, sai ta fara ce wa masu saye ai salo ne, tambarinta ne. Shekara shida direbobi da malaman makaranta na yawo da ƙullutun Akawu. Har wani saurayi ya taɓa dawo da tasa, wai tambarin bai fito sosai ba.

Mutum ɗaya take tsoro, mai aski, don shi ke share wa Akawu 'yar sumar da ta rage a gefe. Duk zuwan da ya yi sayen malafa sai ta ce babu daidai kansa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne matarsa, wadda ta zo ta saya ta ce ta ƙaninta ce, ashe kyauta za ta yi wa miji.

Washegari sai ga mai askin a bakin ƙofa, malafa a hannu, yana shafa wurin da babban yatsa.

"Inna, tudun nan na san shi. Shekara ashirin rezata na hawa tana sauka a kansa."

Ta sassauta murya. "Don Allah ka rufa min asiri."

"Haba Inna, ai cikina rijiya ce."

Ta san rijiyar, ba ta da murfi. Kafin rana ta faɗi Akawu ya shigo yana huci fiye da butar.

"Duk sun tuɓe malafunsu sun durƙusa, wai suna gaida na asali! Har da yaron da na girmi ubansa... kai, har da sa'an jikana! Na gama. Ki nemi wani kan."

Ta nema. Ta gwada ƙwallon jikanta, ya gangare. Ta kife tukunya, malafu suka riƙa fitowa da sama a baje, ga shatin kunnuwan tukunyar biyu a gefe. Masu saye suna karɓa suna ɓata rai. Gaskiya abin ya dame ta, ba don ciniki kaɗai ba. Hantsi ya yi mata tsawo babu mai karanta mata jarida, shi kuma yana ɗaki ya juya mata ƙeya, ƙeyar da ta fi kowa sani.

Ran kwana na tara tana tsaye a kicin, sai ga shi da wata malafa da ya fizge daga kan malamin makaranta.

"Ke, mene ne wannan?"

"Malafa ce, Maigida."

"Malafa? Mai aski na bin shago shago da irinta yana cewa a zo a ga yadda fushi ya mayar da kan Akawu. Wai har na tsiro da kunnuwa a sama!"

Inna ta juya wajen risho don kada ya ga bakinta. Ta ji ƙarar kujerar tsuguno ana janyo ta. Da ta waiwayo, ya riga ya zauna, ya shimfiɗa tawul a kansa da hannunsa.

"Ɗora butar," in ji shi. "Gara su yi yawo da kaina da su yi yawo da tukunya suna kiran sunana."