Mamane Ya Kai Kansa Shaida

Mamane mutumin Maraɗi ne, mai gadin wani bene a unguwar Malaz, a ƙasar Larabawa inda muka zo neman kuɗi. Ni Mukhtari direba ne, ɗakina na jikin nasa a ƙarƙashin matakala. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ƙwallo ma ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: fina-finan 'yan sanda masu dogon zango na ƙasashen sanyi, su Suwidin da Norwe da Denmak. Wani ɗan haya ne ya saka masa su a waya, da fassarar Larabci a ƙasa, yana bin ta a hankali kamar mai tsintar shinkafa.

Bayan azahar rana na dafa kwalta, shi yana gaban fanka yana kallon ƙanƙara. Na sha zama mu kalla tare, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin na da daɗi. Ba ihu, ba yawan harbi. A tsinci gawa ɗaya a bakin tafki, gari guda ya rasa sukuni, 'yar sanda ta yi ta bin sawu har ta manta da cin abinci. Amma ni ya ishe ni da wuri. Kullum gawar ta budurwa ce, a yi ta haska ta ba kunya. Kullum ɗan sandan matarsa ta gudu, ya rungumi kwalba, fuska a murtuke. Mutane sun ƙoshi, babu mai dariya. Baƙo irinmu kuwa, a kashi na biyu za a zarge shi, a na uku a sake shi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Na faɗa masa haka. Ya ce, "Malam Mukhtari, ba ka gane ba. Can, in mutum ya mutu sai an san abin da ya kashe shi. Ko wane ne shi."

Mijin ƙanwarsa Delou, ana ce masa Nafiou, lebura ne a wani gini da ake yi a unguwar Ulaya. Ranar hutunsa Mamane kan bi shi ya yi aikin yini, kamar yadda yawancinmu ke yi a ɓoye. A irin wannan rana ce Nafiou ya faɗo daga sama, Mamane na kallo. Ba a ba kowa bel ɗin ɗaure jiki ba a ranar, an kwashe su an kai wani ginin. Kafin motar asibiti ta iso, mudirin wurin, wato shugaban aikin, ya kawo bel guda ya ɗaura wa gawar, don a ce an ba shi, shi ne bai maƙala ba.

Sauran da suka gani suka ce kwanansa ne ya ƙare. Aka yi masa sallah, aka rufe shi. Delou kuwa ta buga waya tana kuka, tambaya ɗaya take yi: "Yaya, ƙaƙa ya hwaɗo? Cewa sunka yi sakacinshi ne." Mamane ya rantse mata ba za a bar wa mijinta wannan sunan ba.

Na same shi yana goge rigarsa ta Juma'a. Na ce, "Mamane, iƙamarka, takardar zamanka, haris aka rubuta a kai, wato mai gadi. Kafilinka da ya tsaya maka ka shigo ƙasar nan bai san kana hawa gini ba. Ka san abin da kake yi kuwa?"

Ya ce, "Ni shaida nike, ba ɓarawo ba. Shaida kujera aka ba shi, a kawo mishi kofi."

A wayar ya ga haka. A duk fina-finan nan ban taɓa ganin an tambayi mai ba da shaida takardar zama ba, saboda masu shirya su ba su taɓa zama a ƙasar wani da izinin wani ba. Wannan ne abin da ya fi ƙona min rai. Sun koya wa bawan Allah yadda ake neman gaskiya, ba su faɗa masa cewa mai neman sai yana da gindin zama ba.

Ya je ofishin shurɗa, 'yan sandan ƙasar, da ƙafarsa. An saurare shi, an ma rubuta. Sai aka ce masa, "Kai me kake yi a saman ginin?" Ya ce aiki. Aka ce ya kawo iƙama. Bai dawo Malaz ba. Ni na haɗa masa jaka, kuma ban samu ganinsa ba har aka ɗora shi a jirgi.

Waɗanda suka yi shiru suna nan suna aikinsu, mudirin ma haka. An gama ginin, an lulluɓe shi da gilashi, kowace safiya sai na wuce ta gabansa da yaran maigida. Mamane yana Maraɗi yana tura baro a kasuwa. Makon jiya ya kira ni, muka gaisa, sai ya sassauta murya.

"Malam Mukhtari, an zo wurin ginin an yi tambaya?"

Na ce, "Babu wanda ya zo, Mamane."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa. Sannan ya ce, "To mi zan hwaɗa ma Delou?"