Ranar da Aka Lulluɓe Inji Mai Numfashi

Na yi shekaru ina sakataren kwamitin wani ƙaramin asibiti a Miri, kuma yawancin abin da na gani a wurin ya shuɗe mini. Amma ranar ƙaddamar da injin haidirojin, ko na so mantawa da ita ba za ta bar ni ba.

Babbar damuwarmu a lokacin ita ce firjin allurar rigakafin yara. Wuta ba ta zama, janareta kuma ya tsufa. Sai wasu masu taimako suka kawo mana wani inji mai kama da ƙaramar durowa, tare da tukwanen iskar haidirojin. Injiniyar da ta haɗa shi 'yar Kudu ce, haifaffiyar Bauchi, ta zaunar da mu ta yi bayani. Haidirojin yana shiga ta gefe ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya gefen, a tsakaninsu akwai wani siririn shamaki. A jikin shamakin haidirojin yake rabuwa biyu: kashi ɗaya ya ratsa, ɗayan kuwa ba ya iyawa, sai ya zagaya ta waya, kuma wannan zagayen shi ne lantarki. Idan suka sake haɗuwa da iska a can gefen, sai su zama ruwa, ya ɗiga ta wani ɗan bututu. Babu hayaƙi, babu ƙara.

"Oga Sakatare," in ji ta, "wannan abu numfashi yake yi kamar mutum. Kar a toshe masa hanci."

Ya yi mana aiki lafiya har aka sa ranar biki, a tsakiyar bazara. Ana gobe, shugaban kwamiti, wani dattijon ɗan kasuwa, ya zo duba shiri. Ya ga ruwa na ɗiga ƙasa, ya ɓata fuska.

"Sabon abu yana yoyo a gaban baƙi? A toshe. A kuma lulluɓe shi, babban baƙo ne zai yaye."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba yoyo ba ne, aikinsa ke nan. Kuma in aka rufe shi ba zai sami iska ba."

Ya yi dariya. "Malam Sakatare, yaushe ka zama bakanike? A ina ka taɓa ganin an ƙaddamar da abu tsirara?"

Na maimaita, na nemi a kira injiniyar, aka ce ai gobe tana tafe. Da ƙyar ya yarda a bar bayan injin a buɗe. Bayan na tashi, masu kwalliya suka ga bai yi kyau ba, suka naɗe shi da leda da atamfa har ƙasa, suka ɗaure da kirtani.

Da janareta ne, da ya mutu duk unguwa ta ji. Wannan kuwa shirunsa ɗaya ne, yana aiki ko ya tsaya. Washegari ɗakin da injin da firjin suke yana kulle, makulli yana aljihun shugaba, mata sun cika rumfa da goyo tun hantsi, domin an yi shela za a yi rigakafi bayan biki. Baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Ya yaye atamfa, aka tafa, aka ɗauki hoto. Injiniyar ta dubi injin, ta dube ni, ta dafe kai.

Ma'aikaciyar jinya ta buɗe firji, ta sa hannu, ta ce a hankali, "Malam, ɗumi." Alluran duka sun lalace.

Ni aka tura in sallami matan. Wata da ta tako tun daga gona ta gyara goyonta ta ce, "To Malam, tafin da muka ji na mene ne?"

Na gaji da bukukuwa tun daga ranar. Abin da na koya shi ne, duk abin da yake yi mana aiki shiru, sai mun riƙa leƙa shi, domin ranar da muka kashe shi ma ba za mu ji ba.