Kwaɗon da ke ƙarƙashin randata

Ba na jin zan manta da safiyar da na ga maigidana yana dariya har da hawaye a gindin randa, a daminarsa ta ƙarshe.

A shekarar wata malama mai binciken namun daji ta zo Kabo, ta roƙi manoma su riƙa ɗaukar hoton duk kwaɗon da suka gani, su tura mata ta waya tare da sunan wurin. Ta raba musu takarda mai hotunan kwaɗi. Malam, maigidan nawa, ya riƙi abin da gaske, har abokansa a garinmu Dugabau suka naɗa shi Sarkin Kwaɗi. Duk kwaɗin da ke takardar ya samo su, saura guda ɗaya. Ga ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ga damina tana shirin tafiya, amma kullum sai ya dogara sanda ya nufi fadama.

Ran nan ya dawo ƙafa duk taɓo, ya zauna yana haki. Na ce, "Malam, kwaɗon nan surukinka ne da za ka kashe kanka a kansa?"

Ya ce, "Ke ba ki san shi ba. Bayansa ja, gefensa baƙi. Ba ya tsalle, tafiya yake yi."

Na ajiye ludayi. "Au, mai rarrafen nan? Ai kullum sai na share shi daga ƙarƙashin randa na watsa bayan katanga, ya dawo."

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan fari."

Muka ɗaga randar tare. Ga shi kwance a danshi abinsa. Malam ya durƙusa yana dariya, ya miƙo mini wayar, sai ni na ɗauki hoton. Wata biyu yana yawon fadama, bai taɓa nuna mini takardar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kafin azahar malamar ta kira, ta ce ba wanda ya taɓa turo mata irinsa daga yankinmu. Malam ya ce, "A rubuta sunan Hajiya, ita ta gano shi."

Bayan an yanke dawa Allah ya karɓi abinsa. Wayar tana hannuna, ni nake turawa yanzu, kuma tsintsiyata ba ta ƙara shiga ƙarƙashin randar ba. Abin da na koya shi ne, ka tambayi na kusa da kai abin da yake nema tun yana nan. Wataƙila kullum kana share shi.