Yatsu Biyun da Na Bari Ba Lalle

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mace ce mai tsoron faɗin abin da ba daidai ba. Amma abin da idona ya gani, shi kam na san shi.

Sana'ata ƙunshi. A Kalgo nake aure, Gwandu ce mahaifata, can kuma nake zaɓe. A zaɓen da ya wuce, bikin ɗiyar yayata ya faɗo a makon zaɓen, kuma ni aka ɗora wa ƙunshin matan gida duka.

Ina haɗa kaya sai maƙwabciyata, wata malamar makaranta 'yar Zuru da ta taɓa aikin zaɓe, ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Maman yara, ki yi hankali da lallen nan. Na'urar tantance masu zaɓe ba ta cika son yatsa mai ƙunshi ba."

Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. A motar Gwandu ina ta saƙe-saƙe: in matan nan suka rasa ƙuri'a, ai hannuna ne ya hana su. Ga famfon unguwarmu ya daɗe da mutuwa, kullum a bakin rijiya ana tsine wa waɗanda aka zaɓa. To wadda ba ta jefa ƙuri'a ba, da wane baki za ta yi ƙorafi?

Ranar ƙunshi na shimfiɗa tabarma, na ce kowa zan zana mata har gwiwar hannu, amma babban yatsa da manuni na dama zan bar su fari.

Aka bushe da dariya. Yaya ta ce, "Ke dai da tsoro aka haife ki. Ina uwar amarya, in fito da hannu kamar akuya mai farar ƙafa?"

Na ce, "Yaya, bayan zaɓe sai in cike miki."

"Bayan zaɓe wane biki ya saura? Gwamna zai zo kallon hannuna?"

Sauran matan suka yarda, wasu don ladan ƙuri'a, wasu don in rufe baki. Ita kuwa ta janye kwanon lallen, ta dumbuza wa yatsunta da kanta, ta ɗaure da leda.

Ranar Asabar muka bi layin mata a makarantar firamare. Masu fararen yatsu suna ta wucewa. Da aka zo kan Yaya, na'ura ta ƙi. Ma'aikaciyar, wata 'yar bautar ƙasa, ta goge mata yatsa da tsumma, ta sake gwadawa, shiru. Na baya suka fara tsaki.

Yaya ta ce, "Ɗiyata, ba ni katina. Baƙi na can ba su karya ba."

Ban taɓa yi wa Yaya gardama cikin mutane ba, amma ranar na riƙe gefen hijabinta. Na ce, "Yaya, baƙi sun ci jiya, za su ci anjima. Wannan in ya wuce, ya wuce. Ba inda za ki."

Ta harare ni, amma ba ta fizge ba. Yarinyar ta ce, "Hajiya, matso cikin haske, ki ɗan ja hijabin baya, mu gwada fuska." Aka gwada, na'ura ta karɓa. Yaya ta shiga ta dangwala, ta jefa.

A hanyar gida ta ce, "Kin ga fuskata ta fi farin yatsanki aiki." Na bar mata, tunda ƙuri'a ta shiga akwati.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini. Wata tsohuwa mai sussukar shinkafa, da ba ta sa lalle ba, ita ma na'urar ta ƙi yatsanta. Don haka ina roƙon duk wanda ya san aikin na'urar nan ya bayyana mana, ko ta rediyo ce: lallen ne ke hana ta, ko kaushin hannu? Kuma jan lalle da baƙi duk ɗaya ne a wurinta? Mata suna tambayata, ba na son in gaya musu abin da ban tabbatar ba.