Sati Uku Ana Doguwa Ko Gajera A Falona

Ni dai ban taɓa riƙe bindiga ba, ban ma taɓa ganin ta kusa ba sai a kafaɗar ɗan sanda. Amma yau ka tare ni a hanya ka tambaye ni bambancin doguwar akshin da gajera, zan zayyana maka ba gargada. A falona na koya, a tsaye, da faranti a hannu.

Lokacin muna International City, ɗaki da falo da kicin nawa ni kaɗai. Shekarun nan ne da ake ta haƙa titunan Dubai za a sa jirgin ƙasa, in ka fita sai ka yini a mota, shi ya sa ban cika fita ba. Ga keken ɗinkina, ga tukwanena, me zan nema a waje? Maigidana yana aiki a wani kulob can bayan gari, inda masu hali ke zuwa harbin allo. Shi ke goge bindigogi ya jera, ya ɗauko wa kowa tasa. Saura wata biyu kwantiraginsa ya ƙare, kuma an riga an gaya musu duk wanda aka sabunta wa, to da ragin albashi. Da ragin nan kuwa ba za mu iya riƙe fulat ɗin ba.

Ana haka sai wani Balarabe cikin masu zuwa kulob ɗin ya ce zai yi odar bindiga daga waje, ta harbin nesa, irin nisan da allon ma sai da madubi ake hango shi. Yana kuma neman mutum ɗaya da zai riƙa kula masa da bindigoginsa, da biza da albashi mai kauri. Maigidan nawa ya taɓa gaya masa shi ɗan maharba ne gaba da baya. Gaskiya ne, ban ce ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne bindigar babansa ta toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daddanna da sanda. To Balaraben ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Habibi, kai da ka gada, zaɓa min. Doguwar akshin ko gajera? Yi tunani ka faɗa min."

Ranar ko takalmi bai cire ba ya fara yi min karatu. Wai ba tsawon bututu ake nufi ba, akshin shi ne cikin bindigar, inda wani ƙarfe kamar sakatar ƙofa ke ja baya harsashi ya hau, a tura shi gaba a kulle. Kuma girman wurin daidai yake da harsashin da za a riƙa sa wa. Gajeren harsashi gajera, dogo doguwa.

Na ce, "To, Malam, shi mutumin wane harsashi zai riƙa sa wa?"

Ya ce, "Bai faɗa ba."

"Ka tambaye shi mana."

Kallon da ya yi min sai ka ce na ce ya fita titi ba riga. "Ni zan tambaye shi? Ni fa ya tambaya. A gidanmu wanda aka zo wa neman sani ba ya juyawa ya yi tambaya. Ina buɗe baki zai ce ashe ban sani ba."

Na ce ni dai mace ba ta taɓa kawo min yadi na sa almakashi ban auna ta ba, kuma ba wadda ta taɓa ce min ban iya ɗinki ba don na ɗauko tef. Ya ce ɗinki daban, harbi daban, in sa masa abinci.

Shi da ba zai tambayi mai bindiga ba, sai ya tambayi duk Dubai. Kullum bayan la'asar sai ya shigo min da abokansa biyu. Ɗaya mutumin Nijar ne mai kasuwancin waya a kasuwar Sabkha, ɗaya ɗan Gana ne mai gadi a wani otal. A cikinsu ba wanda ya taɓa harbin ko kurciya.

Na Nijar ya tsaya kan doguwa. "Bon, ai maganar a fili take. Doguwa tana cin dogon harsashi, albarushi da yawa, ya je nesa da ƙarfinsa. Madam, a ƙaro miya."

Ɗan Gana ya ce, "Chale, kai waya ka sani. Gajera ta fi tauri, ba ta rawa, sakatarta kana ja kaɗan ta dawo, idonka bai bar madubi ba. Na ji wani Bature ya faɗa a otal."

Na Nijar ya ce, "Bature mai shan iska a bakin ruwa shi ne malaminka?"

"Ya dai fi mai sayar da cajar waya sani!"

Maigidana yana tsakiya, in wannan ya yi magana ya gyaɗa kai, in wancan ya yi ya gyaɗa. Litinin doguwa, Talata gajera. Wata rana ya shigo da murna wai ya gano ko gajeren harsashi ne, masu harbin nesa sukan sa masa dogon kai, sai ya ƙi zama cikin gajera, don haka doguwa. Washegari ya dawo wai doguwa ta fi nauyi. Buhun shinkafata da nake lallaɓawa wata biyu, a sati uku ya ga ƙasa. Tef ɗin awona kullum yana hannunsu suna gwada tsawon harsashi a kan teburina, har alli suka zana min a kai.

Abin da ya ƙure ni, ya sayi katin waya ya kira yayan babansa a gida, tsohon maharbi. Ina kicin ina ji, don tsohon ihu yake yi. Ya ce shi bai san wata akshin ba, amma kar a kuskura mace ta tsallaka bindigar, kuma a nemo masa wanda zai taho Dubai ya ba da laya a ɗaura. Maigidana yana ta "To, Baba, to, Baba." Ya ajiye waya ya ce, "Kin ji, shi ma bai ce a tambaya ba."

Na ajiye ludayi na fito. Na ce, "Malam, ranar farko da bakinka ka ce harsashi ke zaɓar akshin. Sati uku ina jin ku, ba wanda ya ce ba haka ba ne. Ku uku kuna neman amsa, mai amsar yana zuwa wurin aikinka duk Asabar. Ni ba ruwana da gidan maharba. Kicin ɗina nake ji."

Ranar Asabar ya sa farar riga ya tafi.

Da ya dawo, daga yadda ya murɗa makulli na san an gama. Ya zauna, na kawo ruwa, ya sha rabi. Wai ya tambaya, a hankali, kamar dai hira. Balaraben ya yi dariya ya faɗa masa sunan harsashin, wani dogo ne mai cin albarushi. Maigidana ya ce to doguwa ke nan. Balaraben ya ce, "Sah, habibi, haka ne. Amma khalas, an gama, odar ta tafi tun sati biyu." Ashe wani ɗan Filifin da suke aiki tare ya ji maganar, Asabar ɗin da ta biyo ya je ya yi wa Balaraben wannan tambayar, a tsaye, bai fi minti ɗaya ba. Shi aka ɗauka.

Na so in yi magana, wallahi ta zo min har wuya. Na dubi farar rigar da ya sa, na haɗiye.

Da wata biyun suka cika, kulob suka sabunta masa kwantiragin da ragin. Ƙarshen wata muka kwashe zuwa unguwar Satwa, fulat ɗaya mu iyali uku, kicin ɗaya, kowa da awarsa ta girki a manne jikin firji. Tawa ƙarfe sha ɗaya zuwa sha biyu ce. Tuwo kuwa ba ya yiwuwa a awa ɗaya in har da miya, sai na koma yin miyar tun jiya.